Takardun Gwaggo da Muka Ƙona

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗi wannan ya fi sau ɗari a kwana ukun makoki, kuma na yarda da shi. Sauran abin da aka faɗa a kan tabarmar nan ne bai shiga kaina ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, a ɗakinta da ke gidanmu na Gwarzo. Ta haura tamanin. Kafin azahar an kai ta. Na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, ina sauraron mutane. Liman ya ce mace ce mai haƙuri. Ban san wace Gwaggon ya sani ba, tamu dai ba ta da shi ko kaɗan. Matan unguwa kukan gaske suka yi, don ita ta wanke musu iyayensu da 'ya'yansu mata shekara arba'in da wani abu, kuma a ranar aka rasa mai wanke ta, sai da aka tura babur ƙauyen Jama'a aka ɗauko wata tsohuwa. Dangin uwarta na Lakwaya suka zo mota guda, suna cewa shi ke nan, babba ya ƙare. Wani mai neman kujera ya aiko da buhun shinkafa da wakili, wakilin ya tashi ya yi dogon jawabi yana kiran ta da sunan da ba nata ba. Babu wanda ya gyara masa.

Wani tsoho mai sayar da goro ne kawai, da zai tashi, ya ce Allah ya jiƙan matar soja. Na kusa da shi suka dube shi. Wani ya tambaya, wane soja kuma?

Ni ba marubuci ba ne. Aji biyu na yi a sakandare na fito. Injin ban ruwa da injin niƙa nake gyarawa, kuma na haura hamsin. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce. Abin da nake so a sani shi ne Gwaggo ta rubuta littafi, da hannunta, a kan matan da suka bi mazansu yaƙin basasa. Mu kuma muka ƙona shi kwana uku da binne ta. Yanzu ina bin ƙasa ne ina tsintar abin da ya rage, kafin shi ma ya bi ta.

Tana da kamar shekara ashirin lokacin da mijinta, wani kofur ɗan Kabo, ya tafi da ita bariki. Da yaƙi ya tashi aka tura su kudu, ita da wasu mata suka bi bayan runduna, suna zama a duk garin da aka riga aka ci. Bayan shekara biyu da rabi ta dawo da akwatin ƙarfe da bargo, babu miji, babu ɗa. Ta sake aure sau ɗaya bai yi ƙarko ba, ta koma gidan ƙanenta ta zauna. Iyakar abin da muka sani ke nan muna yara. Ba mu tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Abin da muka gani shi ne hali. Gwaggo ba ta yarda gishiri ya zube. In mace ta kifar da shi a madafi, za ta durƙusa ta tsince shi da yatsa, ta wanke ƙasar, ta shanya ruwan a faranti. Ta taɓa marin matar yayana a kan wannan, aka yi wata guda ba a gaisawa. Takalminta kullum a bakin ƙofa yake, yana kallon waje, kuma ba ta son a juya shi. Da Sallah in yara suka fara fasa abin wasansu mai ƙara, sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa, in an kai mata nama ta ce a ajiye. Mahaifinmu kuwa mai son labarin yaƙi ne. In rediyo ta kawo wani tsohon hafsa yana ba da labarin yadda suka ƙetare kogi suka kama gari kaza, Gwaggo na tsakar gida tana tsince wake, ko kai ba ta ɗagawa. Sai ya gama tsaf, ta ce, "To, wa ya dafa musu?"

Mu mu kwashe da dariya. Barkwanci muka ɗauke shi.

Ni da ita mun yi rigimar da ba ta taɓa warkewa ba, kuma dole in faɗe ta, don ita ce tushen komai. Ina da shekara ashirin da ɗaya aka ce ana ɗaukar soja a Kano. Makaranta ta riga ta kufce mini, gona ba ta ishe mu ba, na ga wannan ce ƙofata. Mahaifinmu ya yarda. Na haɗa takarduna, na shiga mota a tasha tare da abokaina uku, direba na jiran mutum ɗaya ya cika. Sai ga Gwaggo, mayafi a hannu, ƙafa duk taɓo. Ba ta yi ihu ba. Ta buɗe ƙofar motar ta kama wuyan rigata ta ce in fito. Na ce Baba ya san da tafiyar. Ta ce Baba ƙanenta ne, ita ta goya shi. Ta zauna a ƙasa gaban tayar mota ta ce wa direba in ya ga dama ya bi ta kanta. Mutane suka taru. Abin da ta faɗa mini a gabansu bai fi kalma goma ba.

"An ba ni akwati ɗaya. Ba na karɓar na biyu."

Na fito. Motar ta tafi. Daga ranar 'yan tasha suka sa mini suna Sojan Gwaggo, kuma har yau akwai masu furfura da ke kira na haka. Cikin abokan nan uku, ɗaya ya yi ritaya yana da gidan bene a Kano. Duk ranar da na wuce ƙofar gidansa da maiƙon inji a hannuna sai na tuna ta. Ɗaya kuma bai dawo daga wata ƙasa da aka tura su ba, amma wannan ban cika sa shi a lissafina ba. Haka nake, ba zan ɓoye ba.

Shekara tara ina gaishe ta da baki kawai. Sai matata ta fari ta rasu wajen haihuwa. Gwaggo ce ta wanke ta. Ta fito daga ɗakin hannunta a jiƙe, ta same ni a jingine da bango, ta ce mini fuskarta ta yi kyau, ta raba mata gashi gida uku yadda ake yi, babu abin da aka rage. Ta ɗauki jaririyar ta kai ɗakinta. Shekara biyu tana rainon ta da madarar akuya da kunu, ba ta taɓa aiko mini cewa ana bukatar wani abu ba. Yarinyar nan yanzu tana da 'ya'ya uku. Ban ce wa Gwaggo na gode ba. Na ɗauka ta gane.

Maganar littafi ta taso ne wajen shekara biyar da suka wuce. Ƙanwata malamar makaranta ce a Kabo, ita ce mai karatun gidanmu, kuma ta koma ƙaro ilimi a Kano. Wani hutu ta zo da littattafai uku na Turanci, duk a kan mata a lokacin yaƙi, wai za ta rubuta jarrabawa a kansu. Gwaggo ta ga hoton wata mata da ɗaurin kaya a ka a bangon ɗaya daga ciki, ta ce a gaya mata abin da ke ciki. Kwana huɗu ƙanwata tana fassara mata da rana a gindin darbejiya. Na ɗaya na matan Turawa ne da suka shiga masana'anta da asibiti da mazansu suka tafi. Gwaggo ta ce sun yi ƙoƙari. Na biyu na wata ƙasa ce mai nisa, ban riƙe sunanta ba. Na uku na matan can kudu ne, waɗanda yaƙin namu ya ci garuruwansu, yunwar da suka sha da 'ya'yan da suka binne.

Ƙanwata ta ce mini ta ji tsoron karanta mata wannan, ta ɗauka za ta yi fushi. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ce duk gaskiya suka faɗa, ta gani da idonta, har ma sun rage. Sannan ta tambaya ko an ambaci matan sojan da suka zo daga nan. Ƙanwata ta duba ta duba, ta samo layi ɗaya da ke cewa wasu matan sojoji sun bi bayan runduna. Gwaggo ta ce a nuna mata wurin. Ta ɗora ɗan yatsanta a kai, yatsan ya rufe layin duka.

"Mu ke nan?" in ji ta.

Ranar kasuwa ta aika aka sayo mata farar takarda, ta haɗa tawada da kanta, ta fere alƙalamin kara. Kakanmu malami ne a Lakwaya, a bayan yayyenta maza ta koyi rubutu a zaure, irin rubutun allo na da. Da shi ta rubuta Hausarta. Kullum bayan ta karya kumallo sai ta sa tabaraunta mai ɗaure da zare, ta yi shafi ɗaya ko rabi, kowane shafi ta buɗe shi da Bismillah. In ya bushe ta sa a tsohuwar gafakar kakanmu, jakar fatar da ake ajiye Alƙur'ani. Matan gida suka ɗauka addu'o'i take rubutawa, ko laƙanin aikin wankan gawa. Ba ta gyara musu ba, don ba ta son surutu. Sau bakwai ta hau babur, a shekarunta, ta je Masanawa wurin aminiyarta da suka yi zaman can tare, ta yini tana tambayarta, ta dawo ta rubuta.

Mutum biyu ne kawai a gidanmu suka san abin da ke cikin gafakar nan, ni da ƙanwata. Ƙanwata ba ta iya karanta ajami ba. Ni na iya, don na yi makarantar allo kafin boko. Gwaggo ta kira ni ta ce in zo in mayar mata da shi boko, a kai Kano a buga, a ajiye shi kusa da waɗancan ukun. Na ce ta ba ƙanwata mana, ita ta karanta mata, malama ta rubuta. Ta ce mata sun riga sun san abin da ke ciki ko ba a gaya musu ba, namiji take so ya ji da kunnensa. Na ce sai na samu sarari.

Ba sarari na rasa ba. Kunyar rubutuna nake ji, kada ƙanwata ta gani ta yi ta gyara da jan biro. Kuma can ƙasan raina ina cewa, wadda ta hana ni zuwa in gani da idona, yanzu ita ce za ta zaunar da ni ta ba ni labari? Duk bayan wata biyu ko uku sai ta tare ni a soro. Wani lokaci da wasa, ta ce Makanike, injina ma ya kusa tsayawa, ba ka zo ka duba ba. Wani lokaci ba wasa. Ni kuma in ce bayan girbi, in ce bayan azumi, in ce bari a gama noman rani.

Sau ɗaya tak na zauna. Bara ne, wata Laraba da safe. Ta shimfiɗa mini buzu, ta ciro shafi daga tsakiya, ta ce mu fara da mai sauƙi. Tana karantawa ina rubutawa a bayan wani littafin 'yan makaranta. Ga abin da na rubuta, ban ƙara ko harafi ba:

"Rogon can ba irin namu ba ne. Mu mun saba a tono a dafa a ci, ɗanye ma ana ci. Da abinci ya yanke mana kwana huɗu muka shiga wata gona muka tono muka dafa. Kafin la'asar duk muna amai. Matar wani saje 'yar Katsina da 'yarta ba su tashi ba. Ni na wanke su. Ban taɓa wanke gawa ba kafin nan, da abin da na ji Baba yana karantar da maza a zaure na yi. Washegari wata mata 'yar garin ta fito daga daji, ƙafafunta a kumbure. Mazanmu ne suka kori nata. Ba ma jin yaren juna. Ta ga ɓawon rogon, ta kama kai. Ta ja hannuna ta nuna mini a fere, a jiƙa, ta ɗaga yatsu uku, kwana uku ke nan. Na ba ta gishiri a murfin kwano. Ta lasa, ta zauna a ƙasa tana"

A nan ya tsaya. Wayata ce ta yi ƙara, wani mai lambu injinsa ya ƙi tashi, tumatir na bushewa. Na ce Gwaggo ina zuwa. Ta dube ni, ta mayar da shafin cikin gafaka, ta ɗaure. Har yau ban san me matar nan ta zauna a ƙasa tana yi ba. Kuka ne, dariya ce, addu'arsu ce, ban sani ba. Kalma ɗaya ce ta rage, ban tsaya na ji ta ba.

Ranar sadakar uku, da aka shafa fatiha da safe, ƙanwata ta koma Kabo don ɗalibanta na jarrabawa. Ta ɗauka na riga na ɗauke gafakar. Ni kuma na ɗauka ba mai taɓa ɗakin kafin sadakar bakwai, na tafi wani aiki a bakin dam. Ashe matan gida sun shiga share ɗakin, don ruwa ya yi yoyo a kusurwa. Suka ciro gafakar daga ƙarƙashin gado, ƙasanta ya jiƙe, gara ta fara cin gefen takardun. Suka ga Bismillah a kan kowane shafi, suka ji tsoron taɓawa, suka kira Yaya, babban wanmu.

Yaya mutumin kirki ne, in faɗi gaskiya ko ba na so. Islamiyya ya yi, bugun inji ya saba karantawa, rubutun Gwaggo na hannu mai karkace ba ya shiga idonsa. Ya ga sunan Allah a takardar da ta fara ruɓewa. Ya yi abin da aka koya mana duka tun muna yara: ba a barin irin wannan a ƙasa, kada ƙafa ta taka, kada akuya ta ci, kada a ƙunshe ƙosai da shi. Ya yi alwala. Ya kai su bayan masallaci wuri mai tsabta, ya ƙona su a hankali shafi bayan shafi, ya haƙa rami ya binne tokar, ya ɗora dutse. Ya ce mini ma ya yi mata addu'a a kan ladan rubutun.

Na dawo bayan la'asar na ga gafakar a rataye a igiya, an wanke ta, babu komai ciki.

Abin da na faɗa wa Yaya a tsakar gida, gaban matansa da 'ya'yansa, ba zan rubuta shi ba. Ya tsaya ya ji duka. Da na gaya masa abin da ya ƙona, sai da ya nemi bango ya dafa. Ya tambaye ni shafi nawa ne, na ce shi ya ƙirga su a wuta, ni ban taɓa ƙirgawa ba. Sannan ya ce, ba da faɗa ba:

"Ka san da su. Shekara nawa tana kiranka?"

Na je bayan masallaci na ɗaga dutsen na tona da hannu. An yi ruwa da rana. Baƙin taɓo na samu.

Kwana biyu ina zaune da biro ina matsa kaina in tuno abin da ta taɓa faɗa a gabana cikin shekara hamsin. Na tuno ta ce in motar soja ta shigo da yamma, mata kan fito su jera, wani ya karanta sunayen waɗanda aka kashe, wadda aka kira mijinta a ba ta kwana bakwai ta bar ɗakin. Na tuno ta ce sun taɓa wanke bandejin asibiti a rafi har ruwan ya canza launi. Na tuno wani abu game da wata da ta haihu a hanya, amma ban san ko ɗan ya rayu ba. Duka-duka bai cika shafi biyu ba. Na je wurin mai goron nan, ya ce shi dai ya san mijinta soja ne, iyakarsa ke nan. Na je Lakwaya, tsofaffin da suka san ta da ƙuruciya duk suna maƙabarta.

Saura mutum ɗaya. Na hau babur na nufi Masanawa, hanya duk ta lalace, sau biyu ina sauka ina turawa. Na samu aminiyar Gwaggo, wadda muke kira Iya, a rumfar ƙofar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, ido ya yi fari. Ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa gaisuwa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida da yara da damina da haƙurinmu, ta yi wa Gwaggo addu'a mai tsawo. Da ta gane ko ni wane ne, sai ta ce, au, mai injin ne, wanda zai mayar da takardar boko. Ta tambaye ni ko an buga.

Da na so, da na yi mata ƙarya. Tsohuwa ce, ba ta gani, ba za ta taɓa sani ba. Amma na gaya mata yadda aka yi, ban rage nawa laifin ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce abin da ta gaya wa Gwaggo a zuwa bakwai ɗin nan, ba ta taɓa gaya wa mijinta na biyu ba, ba ta gaya wa 'ya'yan cikinta ba. Ta ce shekara hamsin tana riƙe da shi, da ta ga an sa a takarda sai ta sake shi, ta daina bitar sa a ranta. Na ce Iya, ki taimake ni, ga biro ga littafi, ko kaɗan ne. Na ce zan zo kullum, zan bar aiki. Ban san lokacin da na kama ƙafarta ba, ni da furfurata. Ta janye ƙafar a hankali.

"Ɗan nan, abin da ya same mu a can ba a gaya wa namiji. Ita ce mai ƙarfin halin, ita ta ce za ta iya. Ni ba zan iya ba."

Ranar Asabar na ɗauko ƙanwata daga Kabo muka koma. Ta shiga ɗaki da littafi da wayar ɗaukar murya, ni na zauna a waje kan turmi. Sun fi awa ɗaya. Da ta fito idonta ja, ta miƙo mini littafin. Layi biyar ne a ciki. Ta ce Iya takan fara, ta kai tsakiya, sai ta ɗauka Gwaggo ce a gabanta, ta ce ai na gaya miki wannan, kin rubuta, wuce gaba. In an ce ta maimaita sai ta yi fushi, ta ce ke da kike wurin, me zan gaya miki. Jikarta ta ce tun ranar da na zo na farko ba ta cika cin abinci ba. Wannan ma ni ne.

Muna shirin tafiya Iya ta aiko a kira mai injin. Na shiga na durƙusa. Hankalinta ya dawo sarai, ta san ni, ta san Gwaggo ta rasu. Ta ce akwai abu ɗaya da namiji zai iya ji. Ta ce ranar da aka sallame su, a babbar mota ɗaya aka zubo su zuwa Kano, kowace a zaune a kan akwatin mijinta, kwana uku a hanya. Ta ɗaga hannu ta fara ƙirga su a yatsa. Ita. Gwaggo. Wata doguwa 'yar Gaya mai waƙa in tana daka. Wata Bafulatana da ba ta yi magana ba har aka iso. Ta kama yatsa na biyar ta riƙe shi. Ta riƙe shi har na ji jikarta ta fara motsi a bakin ƙofa. Sunan bai zo ba, garin bai zo ba.

Ta sake yatsan.

"Mu goma sha ɗaya ne," in ji ta. "Wannan ban manta ba. Ko ba suna, ka rubuta adadin. Ka rubuta yanzu, ina ji."

Na rubuta a gabanta, ta ji ƙarar biro a kan takarda, sannan ta ce in tafi.

To, ga shi na sake rubutawa inda za a gani. Su goma sha ɗaya ne. Huɗu na samu. Allah ka jiƙan Gwaggo, ka yafe mata, ka sa ta yafe mini. Sauran bakwan, kai kaɗai ka san su yanzu.